Dala: daga kwarin Turai zuwa kasuwar Maigatari

Yau kalma ɗaya tak na kawo muku: dala. Ba Dutsen Dala na Kano nake nufi ba fa, dalar kuɗi.

Asalinta daga Turai ne. Wajen shekarar 1520 aka fara buga wani kuɗin azurfa a garin Joachimsthal, wanda yanzu yake cikin ƙasar Cek. A Jamusanci, "thal" kwari ke nan, wato gangare tsakanin duwatsu. Sunan kuɗin, Joachimsthaler, ya yi wa mutane tsawo, sai suka gutsure shi ya koma "thaler". Kun ga ke nan, ma'anar farko ita ce "ɗan kwari".

Daga nan kowa ya lanƙwasa ta da bakinsa. Mutanen Holan suka ce "daalder", na Denmak da Suwidin suka ce "daler", Italiyawa "tallero", Ingilishi kuma "dollar". Amurka ta fara tsara buga nata a dokar 1792. Sulobeniya ma "tolar" take kashewa har ta koma yuro a 2007.

To, mu dawo gida. A zamanin fam da sule, kafin naira ta zo a 1973, dala a wajen kakanninmu sule biyu ce. A Nijar kuwa har gobe dala sefa biyar ce. Matasanmu na yau, da sun ji dala, ta Amurka ce ke faɗo musu a rai.

Nan ne nake so ku buɗe kunne. Ɗan Gumel, Gagarawa ko Sule Tankarkar da ya shiga kasuwar Maigatari ranar Alhamis, zai yi ciniki da mutanen Damagaram. In ɗayansu ya ce maka "dala ashirin", sefa 100 yake nufi. "Dala ɗari" sefa 500 ce. "Jikka" kuwa sefa 1,000, wato dala 200. Duk lambar da ya faɗa, ka ninka ta sau biyar, sannan ka juya zuwa naira. In ka manta wannan, ko dai ka yi asara, ko a rabu ana zargin juna da cuta alhali babu wanda ya yi ƙarya.

Saboda haka kafin ka ce "na sallama", tambayi abokin cinikinka: dalar wa? Ku tura wa 'yan'uwa masu zuwa kasuwar iyaka. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.