Ofishin da Kowa Zai Iya Shiga



A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci. Dokar ta ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, ta kuma ba gine-ginen jama'a shekara 5 su yi gyara. Wa'adin ya cika a farkon 2024.

To, mu duba ma'aikatunmu. An ba mai keken guragu takardar ɗaukar aiki, amma ofishinsa na saman bene, ƙofar banɗaki ta yi wa kekensa kaɗan, teburin kuma yana tokare masa gwiwa. Wannan ai an ba shi da hannun dama ne an karɓe da na hagu.

Yawancin gyaran bai fi ƙarfinmu ba. A yi gangare a bakin ƙofa, kowane tsayin taku ɗaya a ba shi tsawon taku 12, don mutum ya hau ba sai an tura shi ba. A faɗaɗa ƙofa, a kafa ƙarfen dafawa a banɗaki, a saukar da maɓallin wuta. Kafinta ya yi teburin da keke zai shige ƙarƙashinsa. Inda babu lifta, a dawo da ofishin ƙasa.

Kafin a sayi siminti, a fara tambayar ma'aikacin abin da yake buƙata. Ya kamata kuma hukumar kula da naƙasassu ta ƙasa ta fito duba gine-gine, ta fara da sakatariyoyin gwamnati.