Kayan Aro Ba Ya Rufe Katara

Jawabi ga ɗaliban ajin ƙarshe na sakandare daga Tambuwal da Kebbe, a madadin malaman firamare na reshenmu

 

Wataƙila wani ya tambaya: me ya kawo malaman firamare cikin zancen jami'a? Dalili shi ne, mu muka fara riƙe hannuwanku kuka rubuta baƙi, kuma muna nan cikin gari sa'ad da kuke tafiya da sa'ad da kuke dawowa. Mun ga waɗanda suka dawo da shaidar kammalawa, mun kuma ga waɗanda suka dawo da akwati kawai. Da muka duba, ba kaifin ƙwaƙwalwa ne ya raba su ba. Na farkon sun tafi da abin da yake nasu, na biyun sun tafi da kayan aro, Hausawa kuwa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Akwai wani yaro da muka koyar, mai ladabi, mai son karatu. Da jarrabawar fita sakandare ta ƙarato, mahaifinsa ya sayar da geron da ya noma, ya kai shi wani wuri da ake rubuta wa ɗalibai amsa a kan allo. Ya fito da kiredit tara, gida ya cika da barka. Ya lallaɓa ya samu gurbi a wata babbar makaranta. Can ya tarar da zaure mai ɗaruruwan ɗalibai, da malamin da ba ya juyowa ya tambayi wanda bai gane ba. Kafin ya cika shekara biyu aka sallame shi. Ga kuɗi sun tafi, ga shekaru sun tafi, ga kunyar da ta hana shi zama cikin tsaransa. Mu ma muna da kaso a laifin, domin mun san karatunsa bai nuna ba, muka bar shi ya wuce aji saboda tausayi. Wannan tausayin shi ya cuce shi, shi ya sa yau za mu gaya muku gaskiya.

Da farko, sakamakon ya zama naku. Abin da aka saba nema shi ne kiredit biyar a WAEC ko NECO ko makamantansu, har da Turanci, da Lissafi ga mafi yawan kwasa-kwasai, a zaman da bai wuce biyu ba. Biyar na gumin mutum sun fi tara na aro. Ku gwada kanku a daren nan: ku karanta shafi ɗaya na littafin darasinku, ku rufe, ku rubuta abin da ya ƙunsa da kalmominku. Wanda ya kasa, ya san aikin da ke gabansa. Ya riƙa karanta shafi biyu na Turanci kullum da murya, ya nemi malami ko ɗan ajinsu ya gyara masa, domin da Turanci za a yi masa lakca, da shi kuma zai amsa tambaya.

Na biyu, sunan ya zama naku. Tun 2021 hukumar JAMB ba ta yi wa kowa rajista sai da lambar NIN, kuma sunan da ke jikinta shi zai bi ku har hidimar ƙasa. A nan wurinmu mutum ɗaya zai kasance Abubakar a takardar firamare, Garba a sakandare, Buba a wata takardar. Ranar haihuwa ma kowace takarda da tata. Wannan ɗan sakaci ya hana mutane da dama gurbin da suka riga suka ci. Ku jera takardunku, ku tabbata suna da ranar haihuwa sun dace, ku gyara tun da sauran lokaci. Ku yi rajista da layin wayarku, ku adana shi, kada ku ara. Ku je cibiyar da hukumar ta amince da ita da ƙafarku, ku karanta abin da aka shigar kafin a aika, domin zuwa da kai ya fi aike. In gurbi ya fito, ku karɓe shi a shafin hukumar da ake kira CAPS. Gurbin da bai bi ta nan ba, wahala ce ke jiran mai shi a ƙarshe.

Na uku, hannun da zai amsa jarrabawa ya zama naku. Tun 2015 da kwamfuta ake yin jarrabawar JAMB: darussa huɗu, tambayoyi 180, awa biyu, jimillar maki 400. Mun san akwai ɗan Kuchi ko Jabo ko Sanyinna da bai taɓa zama gaban kwamfuta ba. Kada ranar jarrabawa ta zama ranar farko. Ku roƙi shugabannin makarantunku, ku haɗa kuɗi ku je shagon kwamfuta ko da sau uku ne, ku zauna jarrabawar gwaji da hukumar ke shiryawa. Minti goman da tsoro zai cinye sun isa su rage wa mutum maki masu yawa.

Na huɗu, zaɓin ya zama naku, bisa sani. Mai son likitanci ko jinya a jami'a zai zauna Turanci da Fiziks da Kimistiri da Bayoloji. Mai son injiniya, Turanci da Lissafi da Fiziks da Kimistiri. Mai son lauya ba shi da makawa sai da Adabin Turanci. Wanda ya haɗa darussa ba daidai ba, ko ya ci maki 300 ba zai samu kwas ɗin ba. Kuma ƙofa ba ɗaya ba ce. Ga Jami'ar Usmanu Danfodiyo da aka kafa a 1975, ga Jami'ar Jihar Sakkwato, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, ga kwalejin fasahar lafiya a Gwadabawa, ga jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero nan kusa da mu, ga kwalejin jinya a cikin garin Tambuwal. Mun ga masu shekara huɗu suna jiran likitanci, alhali tsaransu da suka shiga wata ƙofar sun gama. Yawancinmu ta Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari muka bi, kuma mai kyakkyawan sakamakon NCE yana iya shiga jami'a kai tsaye a aji biyu. Wanda kwalejin ke ɗauke da sunansa, maƙwabcinmu ne ɗan garin Shagari, da alli a hannu ya fara kafin ya zama Shugaban Ƙasa a 1979. Saboda haka kada wani ya ce muku malanta matattarar waɗanda suka rasa ce.

Na biyar, in kun shiga, lokacin ya zama naku. Can babu mai kaɗa ƙararrawa, babu mai bulala. Makin da za a ba ku a ƙarshe tarawa ake yi tun daga zangon farko. A ma'aunin maki biyar, daraja ta ɗaya daga 4.50 take farawa, kuma wanda ya yi wasa da shekarar farko zai ƙare sauran shekarun yana cike rami. Ku halarci lakca, ku zauna gaba, ku bita a ranar da aka koyar. Kada ku dogara da handawut kaɗai, ku san hanyar ɗakin karatu tun makon farko. Ku nemi malamin da aka naɗa mai ba ajinku shawara kafin ku yi rajistar kwasa-kwasai. Matambayi ba ya ɓata. Ku zaɓi abokin da zai tashe ku asuba ya kuma tuna muku akwai gwaji gobe. Satar amsa a can kora ce. In kuma yajin aiki ya zo, kamar na wata takwas da aka yi a jami'o'i a 2022, ku riƙe littafi da hannu ɗaya, sana'a da ɗayan.

Game da kuɗi, ku zauna da iyayenku ku yi lissafi tun yanzu: rajista, ɗakin kwana, abinci, kuɗin mota. Ku tanadi takardar shaidar ƙaramar hukuma domin neman tallafin karatu na jiha. Tun 2024 asusun NELFUND yana ba ɗaliban manyan makarantun gwamnati bashi marar ruwa. Bashi ne dai, za a biya, amma ya fi barin karatu. Wanda ya iya ɗinki ko gyaran waya ko aski, kada ya bar sana'arsa a gida don kunya.

Iyaye, muna da roƙo biyu. Kuɗin da za ku biya a saya wa yaro sakamako, ku saya masa littafi da su. Sannan 'ya'yanmu mata: kowa a nan yana son in ya kai iyalinsa asibiti mace ta duba ta. Wannan macen 'yar wani ce da ya bari ta yi karatu. Ƙasar da Nana Asma'u ta tura jajojinta ƙauye-ƙauye suna karantar da mata ba ta da uzurin barin 'ya'yanta mata a baya.

'Ya'yanmu, in kun isa can kuka ga abin ya yi nauyi, kada ku ɓoye har a sallame ku. Ku gaya wa malamanku, ku gaya wa iyayenku, ku kira mu. Ƙofofinmu a buɗe suke kamar yadda suke ranar da aka kawo ku aji ɗaya. Mu kuma mun ɗauki alkawari a gaban wannan taro cewa ƙannenku da ke hannunmu ba za su wuce aji ba sai sun iya karanta abin da ke gabansu.

Allah Ya ba ku ilimi mai amfani, Ya kai ku lafiya, Ya dawo mana da ku lafiya.