Iyakar Birni da Rayuwar Tsakiyarsa: Darasi daga Jihar Oregon



Maƙasudin wannan lacca shi ne mu duba abin da ke kashe tsakiyar birni, da kuma wanda ke da ikon raya ta. Zan ɗauko misali daga Jihar Oregon ta Amurka, sa'an nan in dawo gida.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, biranen Amurka da yawa sun kamu da ciwo iri ɗaya. Gwamnati ta shimfiɗa manyan hanyoyi zuwa bayan gari, masu hali suka bi hanyoyin suka yi gidaje a kan gonaki, kantuna kuma suka bi su. Da masu biyan haraji suka tashi, sai kuɗin shiga na birni ya ragu, tsakiyarsa ta soma zama kango, gonakin kuwa sun riga sun salwanta. Watau an yi ba wan ba ƙanen.

A shekarar 1973 Gwamna Tom McCall ya sa hannu a kan wata doka wadda ta wajabta wa kowane birni a jihar ya shata wa kansa iyaka. A cikin iyakar ana tanadin filin da zai ishi birnin har shekara 20. Abin da ke waje kuwa an bar wa noma da daji. Babban abin da ake neman tserarwa shi ne gonakin kwarin Willamette. Yankin Portland, birni mafi girma a jihar, ya shata tasa iyaka a 1979.

To, amma iyaka kaɗai ba ta raya gari, sai an juyo da kuɗin gwamnati ciki. A 1974 aka rufe wata babbar hanyar mota da ta raba Portland da bakin kogi, aka mai da wurin lambun shaƙatawa. Aka kuma soke wata hanyar da aka shirya ginawa, aka sa wani kaso na kuɗinta a jirgin ƙasa na cikin gari, wanda ya fara aiki a 1986. Wani filin ajiye motoci a tsakiyar birnin ya zama dandalin jama'a a 1984.

Dokar ta sha suka. Sau uku, a 1976 da 1978 da 1982, aka kai ta gaban masu jefa ƙuri'a don a rushe ta ko a raunana ta, sau uku suka ƙi. Wata ƙungiya mai suna 1000 Friends of Oregon ta riƙa kai ƙara kotu duk inda aka nemi a karya ta. Duk da haka, akwai masu ganin ta ƙara wa gidaje tsada, abin da ya sa a 2019 jihar ta halatta gina fiye da gida ɗaya a fili ɗaya a manyan biranenta.

Jama'a, shata iyakar birni ba baƙon abu ba ne gare mu. Ganuwar Kano ta kewaye gidaje da gonaki, Kasuwar Kurmi kuma, tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, tana tsakiya. Yau gonakin bayan ganuwa sun zama filotai, lungunan cikin birni kuwa suna fama da ƙarancin ruwa da magudanai. Dokar Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birane a hannun gwamnan jiha, saboda haka ikon yana nan, amfani da shi ya rage.

Ma'aikaci, kafin ka sa hannu a kan sabuwar shimfiɗar filaye, tambayi kanka: kuɗin titinta da famfonta, daga wace tsohuwar unguwa aka hana su? Ɗalibi, idan an yi dokar kirki, kai ne mai gadinta.