Amsoshin Tambayoyinku: Kumfar da ke tasowa a fadamar shinkafa

Wani manomi daga Kura ta jihar Kano ya aiko yana tambaya: me ya sa kumfa ke tasowa in an taka taɓon fadamar shinkafa? Ko alama ce ƙasar ta lalace?

To malam, kwantar da hankalinka, gonarka lafiya lau. Wannan kumfa iska ce da masana ke kira mitan. Tana fitowa ne idan ciyawa da tattakar shinkafa suka ruɓe a ƙarƙashin ruwa. Ita ce kuma shanu ke fitarwa in sun yi gyatsa. In ta yi yawa a sama, tana ƙara ɗumamar duniya.

Amma duba ikon Allah. A jikin saiwar shinkafa akwai wasu ƙwayoyin halitta, waɗanda ido ba ya gani, abincinsu ke nan wannan iskar. Tun 1906 wani masani a ƙasar Holan ya gano su. Wasunsu kuma suna da aiki na biyu: suna kamo sinadarin naitirojin daga iska, su mai da shi abincin shuka. Shi ne fa sinadarin da kake saye cikin buhun yuriya, inda yake kashi 46 cikin 100. Iskar da muke shaƙa kuwa kashi 78 cikin 100 naitirojin ce, sai dai shuka ba ta iya ɗibarsa da kanta.

Kada ka ce to ka huta da sayen taki. Abin da suke bayarwa bai isa shinkafa ba. Sai dai in an labta yuriya fiye da kima, sukan rage wannan aiki, ka ga an yi asara biyu. A raba takin, a zuba kashi biyu ko uku.

Masu gonar tudu ma suna da irin nasu. Tuge wake ko gyaɗa, za ka ga ƙananan ƙulli a saiwar. Fasa ɗaya: in cikinsa ja-ja ne, ƙwayoyin suna aiki. Shi ya sa gero ke yin kyau a inda aka cire wake, da kuma ƙarƙashin gawo. In an zo girbi, a yanke harawa, a bar saiwar cikin ƙasa.

Allah ya ba mu damina mai albarka. Sai mun ji daga gare ku.