INSHORA: TSAKANIN TAIMAKEKENIYA DA TAKARDAR BOGI

 

Ya 'yan'uwa Musulmi, kowa a ƙasar Gumel ya san abin da ake yi ranar Alhamis a kasuwar Maigatari. Ana loda shanu a manyan motoci su nufi Kudu, kuma sau da yawa abin da ke cikin mota guda jarin mutum biyar ne ko shida, wani ma da bashi ya haɗa nasa. Idan motar ta kife a hanya, wa zai ɗauki asarar? Haka manomin riɗi a Gagarawa, haka mai shago a Sule Tankarkar da gobara za ta iya cinye masa wahalar shekara ashirin a dare ɗaya. Wannan buƙata ce ta gaskiya, kuma ita inshora ta zo ta ce za ta biya.

Wasu suna cewa shirya wa musiba rashin tawakkali ne. Wannan magana ba ta da tushe. Manzon Allah (S.A.W.) ya umarci mai raƙumi ya ɗaure raƙuminsa sannan ya dogara ga Allah. Ya kuma yabi Ash'ariyawa, waɗanda idan guzurinsu ya yi ƙaranci sukan tara abin da ke hannunsu wuri ɗaya su raba daidai. Shari'a da kanta ta ɗora diyyar kisan kuskure a kan dangin wanda ya yi kisan, domin kada nauyin ya karya mutum guda.

To, ina matsalar take? Tana cikin siffar ciniki. A inshorar kasuwanci kana biyan kuɗi ne a kan abin da ba ka sani ba ko za ka karɓa, ko yaushe, ko nawa. Wannan shi ne garari, wanda aka hana a saye da sayarwa. Sannan kamfani yakan juya kuɗin a hanyoyin riba. A kan haka Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta haramta inshorar kasuwanci, ta halatta ta taimakekeniya. Adalci ne mu faɗa cewa akwai manyan malamai, irin su Shaihu Mustafa Zarƙa na Siriya, da suka halatta ta. Amma rinjaye yana tare da majalisar.

Ta taimakekeniyar ita ake kira takaful. Abin da kowa ya zuba kyauta ce ga asusun jama'a, ba farashi ba. Kamfani wakili ne, yana karɓar ladan aikinsa, ba ya juya kuɗin sai ta hanyar halal, kuma rarar da ta saura takan komo wa masu zubi. An fara wannan a Sudan a 1979, Malesiya ta yi masa doka a 1984. A Nijeriya hukumar NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, kuma a yau akwai kamfanoni irin su Noor Takaful da Jaiz Takaful. Saboda haka uzurin cewa babu mafita ya faɗi.

Amma abin da ya fi damuna ba saɓanin malamai ba ne. Doka ta wajabta wa duk mai mota inshorar da za ta biya wanda ya buge ko ya lalata wa dukiya. Daga Janairun 2023 kuɗinta ga motar gida ya tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000, tana biyan ɓarnar dukiya har naira miliyan 3, kuma daga Fabrairun 2025 'yan sanda suka tsananta bincike a kanta. Me da yawanmu suke yi? Sai a miƙa wa wani ɗan kamasho 'yan kuɗi kaɗan ya kawo takarda mai hatimi, wadda babu kamfanin da ya san da ita. Amfaninta ɗaya: a nuna a shingen hanya a wuce.

Ka duba wannan da idon Shari'a, ɗan'uwa. Mutumin da ya ce yana gudun shubuha ya faɗa cikin ƙarya tsagwaronta, ya ba maƙaryaci kuɗinsa, sannan ranar da ya kaɗe ɗan acaɓa a hanyar Gumel zuwa Maigatari, marayun da aka bari ba su da inda za su nufa. Sai a taru a ce a yi haƙuri, ƙaddara ce. Haƙurin ana nemansa ne daga wanda aka cuta, alhali hakkinsa yana wuyan mai mota har gaban Allah. Wanda doka ta tilasta wa yin inshora, malamai da yawa sun ba shi uzurin lalura. Mai takardar bogi kuwa wane uzuri gare shi?

Ko ta gaskiyar ma sai an buɗe ido. Wannan inshora ta dole ba ta biyan motarka, ba ta biyan shanun da ke cikinta. Kaya a kan hanya suna da tasu yarjejeniyar daban. Sharuɗɗan da Turanci ake rubuta su, ofisoshin kuma suna manyan birane, kuma jinkirin sanar da hatsari yana iya jawo a ƙi biya. Kada ka sa hannu sai wanda ka amince da shi ya karanta maka, kuma a duba lambar motarka a rumbun bayanai na NIID ta wayar hannu, a tabbatar takardar tana ciki.

Ga ƙungiyoyin 'yan tike da direbobi kuma, kuna da asusun da kuke zubi duk mako. Ku rubuta masa ƙa'ida: nawa ake zubawa, wace asara ake biya, wa ke riƙe da littafi, yaushe ake karanta lissafi gaban jama'a. Abin da ya fi ƙarfin asusun, kamar asarar mota guda ta shanu, ku tura wakilai su zauna da kamfanin takaful a yi muku yarjejeniya ta ƙungiya.