Ka Ɗaure Inji a Gida, Babur Ya Ƙi Tashi: Duba Tazarar Bawul Tukuna

Jawabi ga masu babura daga ƙauyukan kewayen Zariya, a wurin koyon gyara kusa da Ƙofar Jatau

A ƙauyukanmu babur ne ke kai masara kasuwa, shi ne kuma ke kai mai naƙuda asibitin Wusasa ko Shika da tsakar dare. Saboda tsadar gyara, da yawa cikinku kan kwance inji a gida, su sa sabon fistin da gasket, su ɗaure. Sai a buga kik, babur ya ƙi tashi, ko ya tashi yana ƙwas-ƙwas kamar ana dukan gwangwani. Daga nan a nufi Sabon Gari sayen kabureta da fulogi, kuɗin taki ya tafi. Sau da yawa matsalar ba ta wuce tazarar bawul ba, abin da makanikai ke kira saitin tafet.

Maganata a kan injin Honda CG125 ce da 'yan China da aka kwaikwaya daga gare shi. Honda ta fito da shi a 1975 domin ƙasashen da ba a cika canza baƙin mai a kan lokaci ba. Ba shi da sarƙa a ciki. Kam ɗinsa yana ƙasa, yana tura sanduna biyu sama, sandunan su ɗaga roka, roka ta danna bawul. Mai Bajaj Boxer ko roba-roba, naka da sarƙa yake aiki, babu waɗannan sanduna.

Tsakanin roka da kan bawul ana barin 'yar tazara. A littafin Honda milimita 0.08 ce, ga bawul na shigar mai da na fitar hayaƙi, kuma da inji mai sanyi ake aunawa. Ƙarfe yana miƙewa in ya yi zafi, don haka ku bar babur ya kwana, ku auna da safe. Masu na China su duba littafin nasu, wasu kan ba da ƙasa da haka kaɗan.

Ga inda aka fi faɗuwa. Idan ka buɗe 'yar murfin gefen hagu, za ka ga haruffa biyu a jikin maganeto, F da T. F ta wuta ce, ka ƙyale ta. T ce ke nuna fistin ya kai ƙololuwa. To amma fistin yana kaiwa can sau biyu kafin inji ya cika aikinsa: sau ɗaya yana matse mai, bawul biyu a rufe, sau ɗaya yana gama fitar da hayaƙi, bawul biyu a ɗan buɗe. Duka biyun T za ka gani. Wanda ya saita a na biyun ya bar tazara mai faɗi ƙwarai, shi ya sa babur ke ƙara, kuma ba ya hawan tudu da kaya. Yadda za ka rarrabe: cire fulogi, toshe ramin da babban yatsa, ka juya maganeto saɓanin tafiyar agogo. In ka ji iska tana ture yatsanka, ci gaba a hankali har T ta daidaita da alamar. Girgiza roka biyun, ya kamata su yi ɗan motsi. In sun ƙage, ƙara juyi ɗaya cikakke.

Kafin ka taɓa noti, duba sandunan. Kowace tana zama cikin ɗan kurmi a ƙasa da sama. Wani lokaci gindinta kan tsaya a bakin kurmin, ka saita lafiya, da bugun kik na farko ta faɗa ciki, saitin ya lalace, ko ma ta tanƙware. Murza ta da yatsu biyu, ta juya ba tare da cijewa ba. In kana shakka, zare ta, ka gangara ta a kan madubi. Wadda ta tanƙware za ta riƙa ɗingishi. Kada ka miƙe ta da guduma, sayi wata, ba ta da tsada kamar bawul.

Sai ka sassauta noti, ka zura ma'aunin tazara, ka juya sukurun har ma'aunin ya riƙa fita da ɗan ja. Riƙe sukurun da kyau yayin da kake ɗaure noti, domin yakan bi notin ya matse. Sake aunawa bayan ka ɗaure. Na san yawancinku reza kuke sawa. Kaurinta kusan 0.10 ne, ya ɗan fi abin da ake so, amma a ganina gara haka da matsewa. Ku haɗa kuɗi ku uku ko huɗu ku sayi ma'auni ɗaya, zai yi muku shekaru.

Dalilin da na fi tsoron matsewa shi ne ba ta da ƙara. Mai babur yana murna injinsa ya yi shiru, alhali bawul ba ya rufewa sosai. Kik ya yi laushi, tashi ya yi wuya, wani lokaci ya yi atishawa ta kabureta. Bawul na hayaƙi kuma ta wurin zama a mazauninsa yake rage zafi. In bai zauna ba, bakinsa zai ƙone, sai an sake kwance kan inji. Ɗan ƙyas-ƙyas mai sauƙi ba laifi ba ne a wannan inji.

Kafin ka rufe murfi, tabbatar baƙin mai yana hawowa wajen roka. Bayan mako guda kana hawa, sake aunawa da safe, domin sabon gasket yakan kwanta, kan inji ya sauko, tazarar ta ragu. Yanzu a turo babur ɗaya tsakiya, kowa ya zo ya sa yatsa a ramin fulogi ya ji iskar da kansa.