Ƙofar Gari da Unguwannin Bayan Ganuwa

Iyayenmu sarakuna, malamai, dattawa da matasan Kucheri.

Maganata ta yau a kan ƙofar gari ce. A wasu ƙasashe da dutse ake gina ta. Mu namu magabatan da tubali da azara suka gina tasu, suka sa mata ƙyaure mai nauyi, suka naɗa mata Sarkin Ƙofa wanda ke rufe ta da dare ya buɗe da asuba. Fatake a nan suke tsayawa a san daga ina suke, a nan kuma ake tarbar babban baƙo.

Mu ɗauki Kano. Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya soma ganuwa, Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya faɗaɗa ta. Da birni ya cika ya batse, sai ƙofofin suka zama mashigar sabbin unguwanni. Ka fita ta Ƙofar Mata ko Ƙofar Wambai, ka faɗa Fagge, zangon ayarin Buzaye masu kawo gishiri. Ka fita ta Ƙofar Nasarawa, ka nufi inda Turawa suka kafa mazauninsu bayan sun ci birnin a 1903. A Katsina ma, Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Ƙwaya da Ƙofar Marusa yanzu sunayen unguwanni ne cike da jama'a. Haka Ƙofar Doka take a Zariya, ita ce mafitar mai zuwa Tudun Wada.

Mu ma nan abin ya zo mana. Jirgin ƙasa da ya taso daga Zariya ya ratsa Gusau har Ƙauran Namoda a 1929, cinikin gyaɗa da auduga ya bunƙasa, baƙi suka yi ta zuwa, Sabon Gari da Tudun Wada suka tsiro a gefen tsohon garin Gusau na Malam Sambo Ɗan Ashafa. Tun da Gusau ta zama babban birnin jiha a 1996, gine-gine sai ƙara miƙewa suke.

Jama'a, abin da ke damuna shi ne, ƙofar ƙasa ba ta jure sakaci. Damina tana zaizaye ta, masu ɗibar ƙasa suna yagar ganuwa, aikin faɗaɗa titi yana ƙarasa sauran. Ƙofar Na'isa ta Kano an rushe ta a 2010, aka sake gina ta da siminti. Sunan ya tsira, amma hannun maginan farko ya tafi ke nan. Yaro zai ce wa mai babur ya kai shi ƙofa kaza, alhali bai taɓa sanin an yi ƙofa a wurin ba.

Muna zaune a ƙasar 'Yandoto, tsohuwar cibiyar ilimi, ga Kwatarkwashi a maƙwabta. Ba mu rasa tarihi ba, masu rubuta shi muka rasa. Don haka ina roƙon malaman makaranta su tura ɗalibai wurin dattawa tun suna raye, su tambayo ta ina ake shiga garuruwanmu a da, wa ke tsaron wurin, me ake kiransa. A rubuta, a ɗauki hoto. Masu unguwanni su hana ɗibar ƙasa a duk inda kufan ganuwa ya rage. Ƙaramar hukuma ta kafa allo mai ɗauke da sunan wurin. In an yanka sabbin filaye, a raɗa musu waɗannan sunaye.

Da tsohuwar zuma ake magani. Mu riƙe abin da aka bar mana, mu miƙa wa na baya.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.